Zaɓin Jama'a Ko Ikon Hukuma: Abin Da Ke Juya Akalar Kafofin Watsa Labarai a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana gudana tsakanin masu nazarin jarida da rediyo da telebijin. Wasu suna cewa mai gidan jarida ko gidan rediyo ɗan kasuwa ne kamar kowane ɗan kasuwa, watau abin da jama'a suke so shi yake kasawa, abin da suka juya wa baya kuwa sai ya kwashe shi ya kawo wani. Wasu kuma suna cewa wannan magana ce ta fatar baki kurum, domin a ganinsu mai mulki ne yake riƙe da akala, tun da shi ke ba da lasisi, shi ke ba da talla mai tsoka, shi ne kuma yake da ikon garƙame ƙofa in ya ga dama. Kowane ɓangare yana da hujjojinsa, kuma muddin aka bar maganar a sama, ba tare da an ɗora ta a kan wani wuri da wasu mutane ba, to, ba za ta ƙare ba.

Saboda haka wannan maƙala za ta auna maganganun biyu a kan yanki guda, watau ƙasar noma ta kudancin Jihar Katsina, wadda ta haɗa Funtuwa da Bakori da Ɗanja da Ɗandume da Faskari da Ƙafur da Malumfashi. Za a bi tarihin abin da mutanen wannan yanki suka karanta, suka saurara, suka kuma kalla, tun daga 1939 zuwa shekarun nan. Abin da za a nuna shi ne, kafin a san wanda yake juya akalar kowace kafa, sai an fara sanin wanda yake biyan kuɗin tafiyar da ita. Inda mai saurare ya zaro kuɗi daga aljihunsa, zaɓinsa yakan yi nauyi. Inda wani ya biya masa kuwa, maganar wancan ita ce gaba.

Yankin da Mutanensa

Arzikin wannan yanki a gona yake. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, shi ya mayar da Funtuwa babbar mahadar ciniki. Kamfanin auduga na Turawa, BCGA, ya kafa injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, manoma suka riƙa kai audugarsu fuloti ana aunawa ana biyansu. A 1975 aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, wanda yana cikin irinsa uku na farko a Nijeriya, tare da na Gusau da na Gwambe. Wannan shiri ya yaɗa takin zamani da ingantaccen iri, har masara ta zama babban amfanin gona a yankin, kasuwanni irin na Ɗandume da Bakori suka shahara wajen hatsi.

Abubuwa biyu game da manomin wannan yanki suna da muhimmanci ga wannan bayani. Na farko, kuɗinsa na lokaci ne. Da kaka, bayan an sayar da auduga ko masara, yakan sami abin sayen akwatin rediyo da batir, ko keke, ko tufafin iyali. Da bazara da damina kuwa ɗan abin da ke hannunsa taki da ƙwadago suke cinyewa. Na biyu, yawansa babba ne. Saboda haka ga mai tallar kayan masarufi na birni, manomi ba babban mai saye ba ne, amma ga ɗan siyasa mai neman ƙuri'a, shi ne kan gaba. Mai karatu ya riƙe wannan bambanci, domin a kansa yawancin bayanin da zai biyo baya ya dogara.

Zamanin Jarida

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya cikin watan Janairu na 1939, ƙarƙashin kulawar Dokta Rupert East, da Malam Abubakar Imam a matsayin editanta na Hausa. Ba wani ɗan kasuwa ne ya hango riba ya kafa ta ba. Gwamnatin mulkin mallaka ce ta kafa ta, kuma daga cikin dalilanta har da kashe jita-jitar da ta bazu a ƙasar Hausa gab da Yaƙin Duniya na Biyu, cewa wai za a miƙa Nijeriya ga Jamusawa. Sunan jaridar kansa ya faɗi kuɗinta, watau kwabo ɗaya, kuma kwabon nan bai isa ya ɗauki nauyin takarda da tawada da albashi ba. Baitulmali ne ya cike giɓin.

Duk da haka ba daidai ba ne a ce mai karatu ba shi da ta cewa. Jaridar da ba a karantawa ba ta da amfani ga wanda ya kafa ta, don haka tilas aka nemi abin da zai jawo mutane. Aka buɗe filin wasiƙu, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa suka riƙa kawo koke-kokensu. Aka kuma fito da 'Yar Gaskiya cikin ajami saboda ɗimbin mutanen da suka iya karatun ajami amma ba su iya boko ba. A garuruwa da ƙauyuka mutum ɗaya yakan sayi jarida ya karanta da ƙarfi a dandali, jama'a suna saurare, ta haka kwabo guda yake ciyar da kunnuwa da yawa.

A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan jaridu na larduna, kamar Himma ta Lardin Katsina, da Sodangi ta Kano, da Zaruma ta Sakkwato, da Bazazzaga ta Zazzau. Himma ita ce jaridar da ta fi kusa da mutumin Funtuwa da Malumfashi. Amma da aka rufe NORLA a 1959 saboda ɗawainiyarta ta fi ƙarfin abin da take samu, sai waɗannan jaridu suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. Ba a tambayi manomin da ya koyi karatu a ajin dare ko yana son jaridarsa ta ci gaba ba.

Haka ƙaddarar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta kasance daga bisani. Ta koma ƙarƙashin kamfanin New Nigerian, wanda gwamnatin Jihar Arewa ta kafa, jaridarsa ta Turanci ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu, 1966. A 1975 gwamnatin soja ta Janar Murtala Muhammed ta karɓe kamfanin gaba ɗaya, ta kuma karɓi kashi 60 cikin ɗari na jaridar Daily Times ta Ikko. Bayan faɗuwar darajar naira daga 1986, kuɗin takarda ya yi tashin gwauron zabo, tallafin gwamnati ya ragu. A 2006 aka mayar da kamfanin hannun gwamnonin jihohin Arewa 19, bayan 'yan shekaru kuma basussuka da rashin biyan albashi suka tsayar da fitowar jaridun. Masu son karanta Gaskiya suna nan, amma sonsu bai isa ya raya ta ba, domin tun asali ba a kan kuɗinsu aka gina ta ba.

Zamanin Rediyo

Rediyo ya fi jarida shiga karkara nesa ba kusa ba, domin ba ya bukatar iya karatu, kuma ana iya rataya shi a reshen bishiya ana noma ana saurare. A 1962 gwamnatin Sardauna ta kafa Gidan Rediyo da Telebijin na Kaduna, da haɗin gwiwar kamfanonin Ingila biyu, Granada da EMI. Cikin ɗan lokaci muryar Kaduna ta zama abokiyar hirar manomi daga asuba zuwa dare.

A nan ne aka ga wani abu mai kama da mulkin mai saurare, watau shirin Zaɓi Sonka. Mutum yakan sayi kati, ya rubuta sunansa da na waɗanda yake son gaisarwa, ya zaɓi waƙar da yake so a sa masa. Har ƙungiyoyin 'yan zaɓi sonka aka kafa a garuruwa, suna zumunci da juna. Ta wannan hanya ma'aikatan gidan suka riƙa sanin mawaƙin da ake yayi da wanda aka gaji da shi. Haka kuma wasannin kwaikwayo irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi sun daɗe ne saboda jama'a sun karɓe su hannu biyu. A fagen nishaɗi ke nan, zaɓin jama'a ya yi aiki sosai.

A fagen labarai da siyasa kuwa labarin ya sha bamban. Gidan na gwamnatin NPC ne, kuma jam'iyyar hamayya ta NEPU ba ta sami fili a cikinsa kamar yadda mai mulki ya samu ba. Da soja suka zo, sai mallakar gidan ta riƙa sauya hannu bisa ga doka. Dokar soja ta 1977 ta tattara gidajen telebijin na ƙasa a ƙarƙashin hukumar NTA, a 1978 kuma aka haɗe sashen rediyon da gidan rediyon tarayya, aka sami FRCN. Duk waɗannan manyan shawarwari ne na kasuwanci, domin sun shafi mallaka da jari da ma'aikata, amma a ofishin gwamnati aka yanke su.

Jamhuriya ta Biyu ta ƙara fito da abin fili. A lokacin Funtuwa da Malumfashi suna cikin Jihar Kaduna, domin sai ranar 23 ga Satumba, 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Gwamnan jihar daga 1979, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa, ɗan PRP ne, alhali gwamnatin tarayya da rinjayen majalisar jihar suna hannun NPN, har majalisar ta tsige shi a watan Yuni na 1981. Manomin Bakori yana iya kama gidan rediyon tarayya da na jiha, duka biyu daga garin Kaduna, ya ji labarin rikici guda da launi biyu. A Kano ma gwamnatin Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa kamfanin jaridar Triumph a 1980, mai buga Albishir da boko da Alfijir da ajami, sa'an nan ta kafa nata gidan telebijin, don kada muryarta ta dogara da gidajen tarayya. Yawan kafofi ya ƙaru, mai saurare ya sami abin zaɓe, amma gasar 'yan siyasa ce ta haifar da wannan yawa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma kowane gida ya san kuturunsa.

Inda Mai Saye Ya Yi Sarauta

Domin a ga ɗaya fuskar, sai a dubi kasuwar faifai da kaset. Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, ya zauna a Bakori, sa'an nan ya yi doguwar rayuwa a Funtuwa kafin rasuwarsa a 1999, misali ne babba. Gidajen rediyo sun taimaka wajen yaɗa sunansa, amma kamfanonin faifan garmaho irin su EMI sun ɗauki waƙoƙinsa ne saboda ana saye. Da kaset ya zo a shekarun 1970, mai arha, mai sauƙin kwafa, sai masu shagunan kaset a tashoshin mota suka zama su ne alƙalai. Abin da direba da ɗan kasuwa da manomi suka tambaya, shi ake kwafa a ajiye. Wa'azi da waƙoƙin siyasa waɗanda gidan rediyon gwamnati ba zai sa ba, sun zagaya ƙasa ta wannan hanya ba tare da izinin kowa ba.

Haka littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka taso daga tsakiyar shekarun 1980, daidai lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya saboda tsadar takarda. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun buga littattafansu da kuɗinsu, matan aure da 'yan mata suka saya, ko suka yi haya a shago. Malaman jami'a da na addini da dama sun soki waɗannan littattafai, amma suka ba ta hana ciniki ba. Finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda ake ƙirga farkonsu daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, su ma a kan kuɗin mai saye suka tashi. Da 'yan kasuwar kaset suka lura fim mai waƙa da rawa irin na Indiya ya fi tafiya, sai suka riƙa ƙin karɓar wanda ba shi da su. Furodusa ko yana so ko ba ya so, tilas ya sa waƙa.

Ko a zamanin intanet wannan ƙa'ida ba ta sauya ba. Fim mai dogon zango Izzar So, wanda Lawan Ahmad, ɗan asalin Bakori, ya fara sakawa a tasharsa ta YouTube mai suna Bakori TV a 2020, ya ɗore ne saboda yawan masu kallo, domin a kan wannan yawa ake lissafin kuɗin talla da tashar take samu.

Amma fa kasuwar da ta yi ƙarfi takan jawo idon hukuma. A 2001 Jihar Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i. A 2007 aka dakatar da ɗaukar fim a jihar na wasu watanni, aka tsananta dokoki, har masu sana'ar da yawa suka koma Kaduna da Jos. Dokar ta Kano ce, ba ta Katsina ba, amma da yake daga kasuwannin Kano ake rarraba kaset zuwa ko'ina, abin da aka hana a can bai iso shagon Funtuwa ba. Sa'an nan a 2016 gwamnatin tarayya ta janye shirinta na gina alƙaryar fim a Ƙofa, cikin Jihar Kano, bayan da malamai da jama'a masu yawa suka nuna ƙin amincewa. Wannan misali ya nuna cewa matsi ba daga fadar gwamnati kaɗai yake fitowa ba. Wani lokaci daga mumbari yake tasowa, gwamnati kuma ta bi saboda tsoron rasa ƙuri'a. A irin wannan hali yana da wuya a raba zaɓin jama'a da matsin siyasa, domin mutanen da suke sayen fim da daddare suna iya kasancewa cikin masu la'antarsa da rana.

Gidaje Masu Zaman Kansu

Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ita ce ta buɗe ƙofar mallakar rediyo da telebijin ga 'yan kasuwa, ita ce kuma ta kafa hukumar NBC mai sa ido a kansu. Gidan Raypower ya fara aiki a Ikko a 1994, Freedom Radio kuma a Kano a 2003, daga nan gidajen FM suka yawaita a Kaduna da Zariya da Katsina. Ana iya zaton daga nan mai saurare ya zama sarki, tun da gidan da ba a saurarensa ba zai sami talla ba. Akwai gaskiya a cikin wannan zato, domin shirye-shiryen kiran waya da na koke-koken jama'a sun bunƙasa ne saboda mutane sun nuna suna so.

Sai dai mai saurare ba ya biyan gidan rediyo ko kwabo. Gidan kuwa yana sayen man janareta kullum, yana biyan albashi da kuɗin lasisi. Manyan kamfanoni masu talla yawancinsu a Ikko suke, kuma kasafinsu ya fi karkata ga birane masu yawan masu saye. Abin da ya rage wa gidan da ke watsa shiri ga manoma shi ne tallar masu maganin gargajiya, da dillalan taki da iri, da makarantu masu zaman kansu, da sanarwar aure da ta rasuwa, sai kuma babban mai saye, watau gwamnati da 'yan siyasa. A nan ne bambancin da aka ambata tun farko yake bayyana. Kunnen manomi ba shi da tsada a wurin mai sayar da sabulu, amma yana da tsada ƙwarai a wurin mai neman kujera. Don haka gidan rediyo yakan tara masu saurare da waƙa da wasa da labarin kasuwa, sa'an nan ya sayar da filin ga wanda ya fi bukatarsu. Daga nan ne aka sami masu sayen fili suna yabon ubangidansu suna zagin abokin hamayyarsa, waɗanda a Kano ake kira sojojin baka. Gwamnatin da ta ji haushin wani gida ba ta bukatar aika 'yan sanda. Janye tallarta, ko jinkirta biyan bashin da ake bin ta, ya isa ya sa manaja ya sake tunani kafin ya bar wani labari ya fita.

Sandar Hukuma

Bayan wannan matsi na ɓoye akwai na sarari. A 1984 an ɗaure 'yan jarida biyu na The Guardian, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda kowannensu a ƙarƙashin dokar soja mai lamba 4. A zamanin farar hula kuwa lasisi ne ya zama sanda, domin tsarin mulki ya ce sai da amincewar shugaban ƙasa mutum zai mallaki gidan rediyo ko telebijin.

Misalan da suka fi shafar wannan yanki kai tsaye sun zo ne tare da matsalar 'yan bindiga. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan wayar salula a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, cikinsu har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Faskari da Ɗandume da Sabuwa, ba a fara mayar da su ba sai a watan Disamba. Kamfanonin waya sun yi asarar ciniki na watanni, kuma ba masu amfani da waya ne suka nemi haka ba. Umarni ne aka ba su saboda dalilin tsaro, suka bi. A tsawon wannan lokaci manomi ya rasa hanyar tambayar farashin masara kafin ya ɗora buhu a mota, ya kuma rasa hanyar kiran gidan rediyo ya faɗi halin da ƙauyensu yake ciki. A watan Agusta na 2022 kuma hukumar NBC ta ci tarar gidan Trust TV naira miliyan 5 saboda wani shiri da ya yi a kan 'yan bindiga, ta kuma ci wasu kamfanonin tauraron ɗan Adam irin wannan tara saboda sun nuna wani shirin BBC a kan batun. Mutanen da abin ya shafa suna ɗokin ganin irin waɗannan shirye-shirye, amma hukuma ta ɗauke su a matsayin kambama masu laifi. A watan Mayu na 2023 wata Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta yanke hukunci cewa NBC ba ta da ikon cin tara da kanta, domin ita ba kotu ba ce.

Muryoyin Ƙetare

Duk lokacin da mai saurare ya ji gidajen gida sun yi shiru a kan abin da ya dame shi, yakan murɗa akwatinsa zuwa gajeren zango. Wannan ita ce babbar ƙuri'ar da yake da ita. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri ranar 13 ga Maris, 1957, kuma muryar farko da aka ji ta ɗan wannan yanki ce, watau Malam Aminu Abdullahi Malumfashi. Muryar Jamus ta biyo baya a 1963, Muryar Amurka a 1979, Rediyo Faransa kuma a 2007. Amincewar da Hausawa suka yi wa waɗannan gidaje ta tilasta wa gidajen gida gyara aikinsu, domin labarin da aka ɓoye da rana za a ji shi daga Landan da daddare.

Amma su ma waɗannan gidaje ba mai saurare ne yake biyansu ba. A watan Maris na 2025 shirye-shiryen Hausa na Muryar Amurka suka yanke kwatsam, bayan umarnin da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu na rage hukumar da ke kula da gidan. Masu saurare a Funtuwa da Maraɗi ba su ragu ba, siyasar Washington ce ta sauya. A Jamhuriyar Nijar gwamnatin soja ta dakatar da Rediyo Faransa a watan Agusta na 2023, ta kuma dakatar da BBC na wata uku a Disamba na 2024. Ko a cikin Amurka kanta, inda ake tinƙaho da 'yancin kasuwa, gidan telebijin na ABC ya dakatar da shirin ɗan barkwanci Jimmy Kimmel a watan Satumba na 2025, jim kaɗan bayan shugaban hukumar sadarwa ta ƙasar ya yi kashedi a kan wasu kalamansa, sa'an nan aka dawo da shirin cikin mako guda bayan da jama'a suka yi ca, wasu suka soke rajistar da suke biya wa kamfanin Disney mai gidan. Matsin hukuma ne ya tsayar da shirin, aljihun masu kallo kuma yana cikin abin da ya dawo da shi, domin a can mai kallo yana biya kai tsaye.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata ana iya fitar da abubuwa uku. Na ɗaya, zaɓin jama'a ya fi tasiri a kan nishaɗi da salo da harshe, watau wace waƙa za a sa, wane wasa zai ɗore, da boko za a rubuta ko da ajami. Na biyu, ikon hukuma ya fi tasiri a kan manyan shawarwari, watau wa zai mallaki gida, wa zai sami lasisi, wane labari ne ba za a taɓa ba, yaushe kuma za a rufe. Na uku, abin da ke raba tsakani shi ne hanyar samun kuɗi. Kaset da littafi da fim sun bi mai saye domin shi ya ciyar da su. Himma da Gaskiya Ta Fi Kwabo da Muryar Amurka sun bi baitulmali, kuma ranar da baitulmali ya rufe hannu suka tsaya, duk da ɗimbin masoyansu.

Ga manomin Funtuwa da Malumfashi wannan ba muhawarar malamai kaɗai ba ce. Labaran da ya fi bukata, watau yadda aka raba takin gwamnati, da farashin hatsi na gaskiya, da hanyar da ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, su ne kuma labaran da suka fi sosa ran masu mulki. Gidan da albashin ma'aikatansa ya rataya a wuyan gwamnati zai yi wuya ya faɗe su yadda suke. Idan ƙungiyoyin manoma da 'yan kasuwar hatsi da masu injinan casa da gurza na yankin suka zama su ne masu ɗaukar nauyin shirye-shiryen da suka shafe su, da kuɗinsu, a kai a kai, to, manajan gidan rediyo zai sami wanda zai ji tsoron ɓata wa rai bayan gwamna, kuma muryar mai saurare za ta wuce katin Zaɓi Sonka ta kai ga ɗakin da ake tace labarai.